Birnin da Baƙo Ba Ya Cin Tuwo

A zamanin da, tun ana auna nisan tafiya da damina da rani, an yi wani birni a daidai inda babban kogi yake zuba cikin teku. Sunansa Kwatar Kuluwa. Ku gyara zama ku ji asalinsa tukuna, don in ban fara daga tushe ba, abin da ya sami Waziri Nomau ba zai shiga kanku ba.

Wurin da fari ba kowa, sai yashi da sauro da wata tsohuwar tsamiya. Bayansa fadama ce mai laka wadda take haɗiye mutum har wuya, gabansa kuma wani lungun ruwa ne mai ƙunƙuntar baki tsakanin duwatsu biyu, inda igiyar ruwa ba ta shiga. Wani masunci ya kafa bukka a nan shi da matarsa Kuluwa. Ba su daɗe ba ruwa ya ci shi. Danginta suka zo su tafi da ita, ta ce ba inda za ta, ta zauna tana bandar kifi. Sai dai hannunta ya riga ya saba da tuƙa tuwon mutum biyu, ta kasa ragewa. Kullum sai ta zuba rabon mamacin a wani baƙin akushi, ta ajiye a gindin tsamiya, ta ce duk wanda Allah ya kawo ya ci.

Masu kwale-kwale suka fara ratsowa. Wani maƙeri da ya karye a ƙafa ya sauka jinya, da ya warke sai ya ga ai masu jirgi suna neman ƙusa, ya kafa maƙera. Wani malami ya tsaya salla, aka roƙe shi ya zauna. Masu gishiri daga teku suka tarar da masu hatsi da fatu daga saman kogi a gindin tsamiyar nan, kowa ya zo cin tuwo, ciniki ya faɗa ba wanda ya shirya shi. Rumfa ta zama kasuwa, bukka ta zama soro. Kafin jikokin maƙerin nan su yi furfura, garin ya yi sarki, ya yi alƙali, ya yi marina da majema, manyan jiragen teku kuwa har layi suke yi a bakin lungun.

To, kun san ɗan Adam da abin da ya samu. A zamanin mahaifin Sarki Cindo aka yi wata annoba, mutane suka fara ɗaure kaya suna barin gari. Sarki ya tsorata. Ya tara maƙera suka ƙera wata sarƙa, kowane zobe nata ya kai kaurin cinyar ƙato, aka ja ta daga wannan dutse zuwa wancan. Aka yi shela cewa duk wanda ya ci tuwon garin nan ko ya sha ruwansa ya zama ɗan gari, kuma ɗan gari ba ya tsallake sarƙa. Don kada a ce zalunci ne, sai aka ɗauko akushin Kuluwa aka kai fada, aka ce ai al'adarta ce tun asali, wanda ya ci ya zauna. Duk wanda ya ce ba haka ba ne, a sare kansa. Tsofaffi sun san gaskiya, amma kowa yana son wuyansa, suka yi gum. Yaran da aka haifa daga baya, har da Cindo kansa, suka tashi ba su san wani labari ba sai wannan.

Annoba ta wuce, sarƙa ba ta wuce ba. Ga laka a baya, ga ƙarfe a gaba. Baƙin da suka gane sai suka riƙa shigowa da guzurinsu da gorunan ruwansu, su sauke kaya su fita ba su taɓa ko goro ba. Shi kuwa Sarkin Kwata Gagare, mai riƙe da sarƙar, ya iya aikinsa. In ya ga jirgi da gwanin kafinta ko mai magani a ciki, sai ya yi ta jan ƙafa wajen ba da izinin fita, yau gobe, yau gobe, har ruwan gorunansu ya ƙare. Sannan ya aiko da tulu mai sanyi, in sun sha sun zama 'yan gari ke nan.

Wata safiya Sarki Cindo ya fito zaman fada ransa a ɓace. Ya ce, “Na hau soro na duba. Jirage suna zuwa har bakin sarƙa, su karkata, su wuce wancan ƙauyen na tsallake, inda ko rumfar kirki babu. Kakannina sun gina kwatar dutse, baƙi sun gwammace su sauke gishiri a cikin taɓo. Ina son dalili.”

Gagare ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, “Allah ya ba ka nasara, hassada ce. A ba ni mayaƙa in ƙone ƙauyen.”

Malaman fada suka ce a yi saukar Alƙur'ani, a yi sadaka. Fatake suka ce a rage harajin kwata. Kowa ya san dalilin, kowa kuma ya kewaye shi kamar mai kewaye rijiya da makaho a hannu. Sarki ya juya ga Waziri ya ce, “Kai ne ba ka ce komai ba. Na ba ka wa'adi kafin ruwan kogi ya ja baya. In ba ka kawo mini dalili ba, ka ajiye rawanin.”

Waziri Nomau ya ce, “Na ji, ranka ya daɗe.” Ya koma gida yana jan ƙafa. In ya faɗi gaskiya kansa zai tafi, in ya yi shiru rawaninsa zai tafi, kuma ko wanne ya zaɓa yana nan cikin garin.

Shi Nomau ba haifaffen birnin ba ne. Ɗan wani ƙauyen manoma ne can saman kogi, ya zo yana saurayi da buhunan gero, a shekarun farko na sarƙa, lokacin labarinta bai kai ƙauyuka ba. Ya sauka da yunwa, aka miƙo masa akushi, ya yi bismilla ya ci har ya suɗe hannu, ya yi godiya. Da ya koma zai hau jirgi aka tare shi da mashi. Ya yi kuka har ya gaji, ya shiga makarantar wani malami, basira ta ɗaga shi daga magatakarda har zuwa waziri. Ya yi aure, ya haifa, ya ga jikoki. Amma Allah ya sani, bai taɓa shimfiɗa tabarmarsa tana fuskantar ruwa ba, don ba ya iya kallonsa.

Da ya iso gida ran nan sai ya tarar da wani baƙo a zaure, dattijo baƙi mai faffaɗar kafaɗa, da goran ruwa rataye a wuya. Baƙon ya miƙe, ya dube shi, ya ce, “Yaya.”

Nomau ya tsaya. Ya tuna ya baro ƙane a bayan uwarsu yana tsotson yatsa, wanda aka haifa ana tsuga ruwa. Ya ce, “Anaruwa?”

“Ni ne. Jirgina yana bayan sarƙa, ban yarda na shigo da shi ba. Da kwale-kwale na zo.”

Suka rungume juna. Kafin a jima aka fito da tuwon shinkafa da miyar kifi, da kaji, da fura, matan gida suna leƙe suna murna ɗan'uwan maigida ya zo. Aka jera a gaban Anaruwa. Ya kalli abincin, ya kalli yayansa, ya naɗe hannuwansa a ƙirji. Nomau ya gane. Ya yi wa bara alama a kwashe. Na rantse muku, a duk shekarun da ya yi a garin, ba abin da ya ƙona masa rai kamar ganin ana fita da akussan nan a rufe, ƙanensa na zaune yana kurɓar ruwan gora mai ɗumi.

Nomau ya ce a hankali, “Inna fa?”

Anaruwa ya ce, “Tana nan da rai, amma idon ya tafi, ƙafa ma saura kaɗan. Duk ranar da aka ce jirgi ya dawo daga teku sai ta sa a kai ta bakin ruwa ta zauna. Yaya, ka san kai ne ɗan fari, ka san tun da ta haife ka bakinta bai taɓa kama sunanka ba. To, bana ta fara kiransa. A gaban mutane, a gaban surukai. Nomau, Nomau. Mata suna rufe fuska don kunya, ita ko a jikinta. Tana cewa ita ta turo ka.”

Nomau ya sunkuyar da kai. Gaskiya ne, ita ta turo shi. Ita ce take ba su labari suna yara cewa akwai wani gari a bakin teku inda ake ajiye wa baƙo tuwo a gindin tsamiya. Ran da zai tafi ta ce masa kada ya wahalar da kansa da guzuri mai yawa, mutanen can ba sa barin baƙo da yunwa.

Anaruwa ya ce, “Ruwa ya kusa ja baya. In ya ja, jirgi ba ya hawa sama sai baɗi. Ita kuwa ba na jin za ta ga baɗi.”

Waziri ya dubi goran da ke wuyan ƙanensa. Can ya ce, “Koma jirginka. Gobe zan kawo maka baƙo. Ka bar mu a rana mu jira, ka yi ta jan ƙafa, sannan ka sa a tuƙa tuwo.” Ya gaya masa sauran abin da zai yi. Anaruwa ya ce, “Wannan ai wasa da wuya ne.” Nomau ya ce, “Wuyan ya tsufa, ba asara mai yawa.”

Kashegari fada ta cika. Waziri ya durƙusa ya ce, “Allah ya ja zamanin Sarki, kafin in kawo dalili ina neman fatawa a kan tambaya guda, a gaban alƙali da malamai. In baƙo ya ci abincin mai gida, hukuncin wa ke kansa?”

Sarki ya yi dariya ya ce, “Waziri, tsufa ne? Na mai gida mana. A kan wannan garinmu ya tsayu.”

“Ko da baƙon bai san dokar gidan ba?”

“Rashin saninsa matsalarsa ce.”

“Ko da attajiri ne, ko basarake?”

Sarki ya ɗora hannu a kan akushin Kuluwa da ke ajiye gefen karaga ya ce, “Ko da sarki ne. Loma ba ta san rawani ba. Alƙali, ka shaida.” Alƙali ya ce ya shaida.

Waziri ya ce, “To, ranka ya daɗe, dalilin da kake nema yana bakin masu jirgi, su kuwa ba sa faɗin gaskiya a kan tudu, ba sa kuma faɗa wa mai rawani. In Sarki zai sa tufafin dillali mu fita bayan sarƙa, zai ji da kunnensa. Abu ɗaya nake tsoro. In aka ji ba ka cikin gari, wasu za su zo wa Sarkin Kwata da saƙon ƙarya a buɗe musu.”

Nan ya taɓa Sarki a inda yake masa ciwo. Ya kira Gagare ya ce, “Da zarar mun fita ka ja sarƙa. Kada ka sassauta ta, kada kwale-kwale ɗaya ya fita, sai ka gan ni tsaye a kan dutsen kwata da ƙafafuna. Ko an zo an ce daga bakina saƙon ya fito, ko an kawo zobena, ƙarya ne.” Gagare ya ce ko sama za ta faɗo ba zai saɓa ba. Kuma ku ba shi haƙƙinsa, mugu ne amma ba ya saɓa umarni.

Suka fita da hantsi, Sarki da wata tsohuwar riga da hula, Waziri a gefensa. Aka sassauta sarƙa, kwale-kwale ya wuce, aka ja ta a bayansu da ƙara mai nauyi. Cindo bai taɓa jin wannan ƙarar daga waje ba, har ya waiwaya.

A jirgin aka ce maigida yana aiki, su jira. Suka zauna a kan buhunan gishiri, ba inuwa. Rana ta take, azahar ta yi, ta wuce. Sarkin da bai taɓa jiran kowa ba leɓɓansa suka bushe, cikinsa ya fara ƙugi har matuƙa suna jin sa. Sai ga Anaruwa da fara'a da ban haƙuri, bayansa ana ɗauke da tuwon dawa da miyar kuka da busasshen kifi, da ruwan randa. Ya ce, “Bismilla, baƙi.”

Duk wani ɗan jirgi a yankin nan, ko jariri ne, ya san a dubi akushi sau biyu. Amma Cindo tun da aka haife shi shi ne mai gida a ko'ina, bai taɓa zama baƙon kowa ba. Ya sa hannu. Ya ci, ya ƙara, ya sha ruwa ya yi gyatsa ya ce tun da yake bai ci miyar kuka irin wannan ba. Yana cikin wanke hannu aka ɗaga anga, jirgi ya ja baya kaɗan zuwa tsakiyar ruwa, aka sake jefa ta.

Sarki ya ce, “Ina kuma za mu?”

Anaruwa ya ce, “Ba ko'ina, malam dillali. Mu ma mun ga al'adar garinku ta yi mana kyau mun ɗauka. Wanda ya ci tuwon jirgin nan ya zama ɗan jirgi, ɗan jirgi kuwa ba ya sauka.”

Cindo ya miƙe ya fizge hular ya ce, “Ka san da wa kake magana? Ni ne Sarkin Kwatar Kuluwa.”

“Allah ya ba ka nasara,” in ji Anaruwa, ya rusuna. “An ce mini a garinku loma ba ta san rawani ba.”

Sarki ya juya ya dubi Waziri. Waziri yana zaune a kan buhunsa, idonsa a ƙasa. Cindo ba wawa ba ne, nan take ya ga inda aka biyo da shi. Ya ce, “Nomau, kai ne?” Waziri ya ce, “Ni ne, ranka ya daɗe.” Sarki ya ce, “Sai na sa an sare kanka a gindin tsamiya.” Waziri ya ce, “Sarki yana da iko. Sai dai mu isa gindin tsamiyar tukuna.”

Sarki ya cire zobensa ya ce a kai wa Gagare, ya fito da mayaƙa. Anaruwa bai hana ba, shi ya ba da kwale-kwalen ma. Ɗan saƙo ya je bakin sarƙa ya dawo da zoben, ya ce Sarkin Kwata ya ce an riga an gargaɗe shi a kan irin wannan ƙaryar. Cindo ya hau kan jirgi ya yi ta ɗaga hannu yana kira. Daga kwata abin da ake hangowa shi ne wani mai tsohuwar riga yana tsalle-tsalle. Ga mayaƙansa, ga jiragen yaƙinsa, duk a bayan sarƙar ubansa, bisa umarnin bakinsa.

Kwanaki suka fara wucewa. Ba wanda ya wulaƙanta shi, ana ba shi shimfiɗa mai kyau, ana ba shi tuwo a kan kari. Ran farko ya yi zagi. Ran na biyu ya yi alkawarin dukiya. Daga nan ya koma gefen jirgi ya zauna yana kallon garinsa, ga shi nan kusa har yana jin kiran salla da bugun marina, yana gane soron ɗakinsa.

Wata safiya ya ga mutane sun dare a kan kwata, an kawo wata tsohuwa ana riƙe da ita. Ta zauna a kan dutse ta fuskanci ruwa. Ko daga nesa ya san zaman. Mahaifiyarsa ce, wadda tun da ya yi wayo bai taɓa karya kumallo ba sai ya je ya gaishe ta. Aka kawo mata laima ta ture. Rana ta yi zafi ba ta tashi ba. Kashegari ta dawo, wanshekare ma haka. Cindo ya kasa cin tuwo.

Ran nan Waziri ya matso ya zauna kusa da shi. Sarki bai dube shi ba ya ce, “Ba ta da lafiya. Ranar nan za ta kashe ta.”

Waziri ya ce, “Tawa ma haka take zaune, ranka ya daɗe, a bakin wannan kogin, can sama. Ita tun kafin a haife ka ta fara. Yanzu idon ya tafi, da kunne take jira.” Ya nuna Anaruwa da ke gyaran igiya. “Wancan ƙanena ne. Ya zo gidana, aka kawo masa abinci, ya naɗe hannu.”

Sarki ya dubi Anaruwa. Can ya ce, “Al'adar Kuluwa ce. Ba ni na kafa ta ba.”

Waziri ya ce, “Nan ba cikin gari muke ba, don haka zan faɗi abin da ake sare kai a kansa. A ƙauyenmu ana ba da labarin Kuluwa, don kakan kakana ya ci tuwonta. Ya ci, ya yi godiya, ya tafi gida. Ba ta riƙe shi ba, ba ta taɓa riƙe kowa ba, mace ɗaya da wace igiya za ta riƙe ƙato? Da ya koma ya ba da labari, baɗi mutum goma suka biyo shi. Dubi garinka daga nan, ranka ya daɗe. Ga Unguwar Maƙera, ga Marina, ga rumfunan gishiri. A fada ana cewa waɗanda suka zauna su suka gina shi. Haka ne, su suka ɗora tubali. Amma wa ya aiko su? Waɗanda suka ci suka tafi. Yanzu ma masu tafiya suna ba da labarinmu a kowace kwata, sai dai labarin ya sake. Ga dalilin da ka ce in kawo.”

Sarki ya ce, “In na sauke ta garin zai watse.”

“Wasu za su tafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni ne ma na farko.”

Cindo ya daɗe yana kallon tsohuwar da ke kan dutse. Sannan ya miƙe ya je gaban Anaruwa, sarki guda, ya ce, “Mai gida, hukuncinka ne a kaina, na faɗa da bakina. Me zai fanshe ni?”

Anaruwa ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ka saki naka baƙin, in saki nawa.”

Aka sa shi a kwale-kwale aka kai shi bakin sarƙa. Gagare ya gan shi ido da ido, amma ya ce umarni shi ne sai ya gan shi tsaye a kan dutsen kwata. Sai da Sarkin Kwatar Kuluwa ya kama zoben sarƙa, ya bi ta da hannu da ƙafa yana zamewa, ruwa har ƙirji, ya hau dutse jiƙe sharkaf a gaban dukan gari. Bai nufi fada ba, wajen tsohuwar ya fara zuwa ya durƙusa. Daga nan ya sa aka kira maƙera, jikokin waɗanda suka ƙera sarƙar, ya ce su sare ta. Suka ɗauki yini suna dukanta. Da ta faɗa ruwa ba a yi guɗa ba, mutane tsayawa suka yi suna kallon bakin lungun a buɗe, wasu dattawa suna kuka ba sauti.

Aka zauna shari'a. Sarki ya tuɓe Gagare daga kwata saboda tulunan da ya riƙa aikawa, ya ce daga yau aikinsa ɗebo wa baƙi ruwa kyauta. Ya sa aka mayar da akushin Kuluwa gindin tsamiya. Sannan ya ce a kawo Waziri.

Ya ce, “Nomau, ka yaudari sarkinka, ka sa ya yi iyo a gaban talakawansa. Wannan ba ya tafiya haka nan. Na kore ka daga garina. Ka hau jirgin ƙanenka yau ɗin nan, kada in ga ƙeyarka.” Ya ɗan tsaya, muryarsa ta sauka. “Har ruwa ya dawo. In ka ga dama.”

Sun tashi ruwa ya riga ya fara ja. Wurare da yawa sai da matuƙa suka sauka suka ja jirgin da igiya a kan yashi, Waziri da kansa ya tuɓe babbar riga ya kama. Duk ƙauyen da suka tsaya tambayarsa ɗaya, ko an ji wata rasuwa daga sama.

Sun sami mahaifiyarsu a bakin ruwa, a kan wata tsohuwar tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya. Tana jin jirgi ya daki gaɓa ta ɗaga kai ta ce, “Nomau ne?” Irin tambayar da ta yi wa kowane jirgi. Ya sauka, ya durƙusa a gabanta ya ce, “Inna, na dawo.”

Ta miƙo hannu ta shafa fuskarsa, ta taɓa gemun, ta tsaya a kan wani tabo da ke goshinsa tun na ƙuruciya. Sai ta janye hannun, ta ja mayafi, ta kau da kai gefe yadda uwa take yi wa ɗan fari. Daga ranar ba a sake jin sunan a bakinta ba. Ta ce wa matan da ke wurin, “Ku kuna tsaye. A kawo wa wannan abinci, ya sha hanya.”

Aka kawo tuwon gero aka ajiye. Nomau ya miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a sama da kansa. Shekarun da ya yi yana ganin abin da loma ɗaya take yi wa mutum sun shiga jikinsa, ya tuna da 'ya'yansa da jikokinsa a can bakin teku. Tsohuwar ba ta gani, amma ba ta ji motsin akushi ba.

Ta ce, ba tare da ta juyo ba, “An ce kana da iyali a can.”

“Ina da su, Inna.”

“To ci. In ruwa ya dawo ka koma musu. Nan ba a riƙe mutum.”

Ya ci yana hawaye, ita kuma tana sauraron kowace loma har ya suɗe akushin.

Ta rasu a tsakiyar rani, shi ya sa ta a kabari da hannunsa. A birni kuwa mutane sun tafi da yawa, unguwanni sun yi shiru, Sarki Cindo ya rame, kullum da safe yana kan dutsen kwata yana duban sama da kogi. Da damina ta faɗi ruwa ya cika, sai ga jirgin Anaruwa ya ɓullo, bayansa wasu jiragen hatsi da suka ji labari a hanya, wasunsu ɗauke da waɗanda suka tafi bara, sun dawo da danginsu. Waziri Nomau ya sauka ya gaida Sarki. Anaruwa kuwa ya cire goran da ke wuyansa ya rataye a reshen tsamiya, ya zauna a gaban baƙin akushin nan ya naɗe hannun riga, ya ce a ƙaro miya.

Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan game da Kwatar Kuluwa. Wanda ya ji ya kai gaba, ban riƙe kowa ba.